Kujerar Majalisa Ba Ta Tare Kulki: Bitar Fim ɗin "Bobi Wine: The People's President"

A ƙarshen watan Satumba na 2017 zauren majalisar dokokin Yuganda da ke Kampala ya koma filin dambe. 'Yan adawa, kowa da jan ƙyalle ɗaure a goshi, sun ƙi yarda a gabatar da ƙudurin da zai soke iyakar shekara 75 da tsarin mulki ya gindaya wa mai neman shugabancin ƙasa. Kowa ya san don wa ake yi: Shugaba Yoweri Museveni, wanda ke kan mulki tun 1986, yana da shekara 73 a lokacin. Shugabar majalisar, Rebecca Kadaga, ta dakatar da mutum 25, su kuma suka ce ba inda za su. Sai ga wasu ƙarti sanye da kwat, waɗanda babu mazaɓar da ta turo su, sun shigo suna fizgar zaɓaɓɓun wakilai suna yin waje da su. Kujeru na tashi sama, sandunan makirfo sun koma makami.

Cikin waɗanda aka ja waje har da wani sabon shiga, wanda bai fi wata uku da cin zaɓen cike gurbi na Kyadondo ta Gabas ba. Sunansa Robert Kyagulanyi Ssentamu, mawaƙin da ya taso a unguwar talakawa ta Kamwokya, wanda duniya ta sani da Bobi Wine. Shi ne wanda Moses Bwayo da Christopher Sharp suka bi da kyamara har kusan shekara biyar, suka fitar da wannan fim na gaskiya mai tsawon kusan awa biyu. An fara nuna shi a bikin finafinai na Venice a 2022, ya kuma shiga jerin biyar ɗin ƙarshe na kyautar Oscar a 2024, duk da dai wani fim a kan yaƙin Yukren ne ya ɗauke ta.

Mu nan mun saba da mawaƙi ya tsaya bayan ɗan siyasa yana wasa shi, a sallame shi da mota. Shi wannan da kansa ya nemi kujerar, ya kuma samu. Abin da ya sa fim ɗin ya kama ni shi ne yadda ya nuna, ba tare da wani mai sharhi ya zauna yana yi mana bayani ba, cewa kujerar ba ta kare mai ita daga komai ba. Takardar rantsuwa tana hannunsa, ana kiransa "mai girma", amma soja bai ga wannan ba.

Arua ce zuciyar fim ɗin. A ranar 13 ga Agusta 2018, ranar rufe kamfen na wani zaɓen cike gurbi a wannan gari na arewa maso yamma, gwamnati ta ce an jefi ayarin motocin shugaban ƙasa. Kafin dare ya raba an harbe direban Bobi Wine, Yasin Kawuma, yana zaune cikin motar maigidansa. Washegari aka kama shi kansa ɗan majalisar. Da aka sake ganinsa, a gaban kotun soja a Gulu, mutumin da muka gani ɗazu yana tsalle a kan dandamali ba ya iya tsayuwa sai an tallafe shi. An tuhume shi da mallakar makamai, aka janye tuhumar, bai ko sha iskar waje ba aka sake kama shi da laifin cin amanar ƙasa. Gwamnati ta musanta cewa an azabtar da shi. Masu fim ba su tsaya jayayya da ita ba. Sun bar kyamara a kan mutum yana dogara sanduna, yana cije leɓe a duk takun da zai yi, yana neman yadda zai zauna a mota ba tare da ya yi ƙara ba. Wannan haƙuri na mai ɗaukar hoto, da ya ƙi yanke wurin da wuri, ya fi rahoton shafi ɗari tasiri.

Sai kuma gida. Nan ne na ga gwanintar da ta raba wannan aiki da rahoton tashar labarai. Matarsa Barbie ba ado ba ce a cikin labarin. Rabin nauyin fim ɗin a wuyanta yake. Ita ce ke zarya tsakanin bariki da lauyoyi, ita ce ke tsayawa gaban 'yan jarida muryarta ba ta rawa, ita ce kuma za ta koma ta fuskanci yara huɗu da ke son sanin yaushe babansu zai dawo. Da zaɓen 2021 ya matso, ma'auratan suka yanke shawarar fitar da yaran zuwa Amurka. Babu harbi a wannan wurin, babu barkonon tsohuwa, jakunkuna ne kawai da bankwana, amma a nan mai kallo yake gane yadda muzgunawa ke aiki. Ba dole sai an kashe ɗan adawa ba. A hana shi taro, a soke masa wasan waƙa, a ayyana jar hular da magoya bayansa ke sawa a matsayin kayan soja kamar yadda aka yi a 2019, a sa shi yawon kotu, a sa iyalinsa kwana da ido ɗaya, har sai ya gaji don kansa.

Kashi na ƙarshe yana gudu da sauri, kuma haka ya dace. Bobi Wine, ɗan takarar shugaban ƙasa a lokacin, na yawon kamfen sanye da rigar sulke da hular kwano. An kama shi a Luuka ranar 18 ga Nuwamba 2020 bisa zargin karya dokar korona, zanga-zanga ta ɓarke, aka kashe mutum aƙalla 54. A ƙarshen Disamba aka kwashe tawagarsa a Kalangala, har da abokin waƙarsa Nubian Li. Aka rufe intanet, aka yi zaɓe ranar 14 ga Janairu 2021, hukumar zaɓe ta ba Museveni kusan kashi 58 cikin ɗari, Bobi Wine kusan 35, sojoji suka zagaye gidansa.

Ina da ƙorafi, kuma ba ƙarami ba ne. Kyamarar ta manne wa mutum ɗaya har ta kusa mantawa da cewa ba shi kaɗai aka daka ba. Betty Nambooze, 'yar majalisa daga Mukono, ta fita daga waccan hatsaniya ta 2017 da rauni a ƙashin baya wanda ya kai ta jinya ƙasar waje. Francis Zaake na Mityana ya sha kashi a Arua har sai da aka kwantar da shi, sannan a Afrilun 2020 aka sake kama shi don ya raba wa mutanen mazaɓarsa abinci lokacin kullen korona, ya fito ba ya iya tafiya. Kizza Besigye, wanda ya kara da Museveni sau huɗu daga 2001 zuwa 2016, ya riga kowa sanin ɗanɗanon wannan hanya. Wanda bai san Yuganda ba zai iya tashi daga kallo yana zaton adawa ta fara ne ranar da mawaƙi ya shiga majalisa. Haka kuma ba a matsa wa gwarzon da tambaya ba: in ya hau, me zai yi da tattalin arziki, me zai yi da sojan da ya dake shi? Ba a kuma zauna da dattijon ƙauye ko ɗaya ba, irin wanda ya ga zamanin Idi Amin da yaƙin Luwero, wanda har gobe yake jefa wa Museveni ƙuri'a don tsoron komawa gidan jiya. Da an ji daga bakinsa, da fim ɗin ya ƙara nauyi, ba raguwa zai yi ba.

Sai dai ina yi wa masu aikin uzuri, domin kusancin da ya jawo wannan giɓi shi ne ya ba su abin da wani ba zai samu ba. Bwayo ba daga otal yake ɗauka ba. Yana cikin motar da ake fasa wa gilashi, shi ya sa hoton ke girgiza, sauti ke yankewa, wani lokaci ba ka ganin komai sai ƙafafu da ƙura. An tsare shi a gidan yari, an harbe shi da harsashin roba a fuska yana tsakiyar aiki, kuma kafin fim ɗin ya fito sai da ya tattara ya bar Yuganda ya nemi mafaka a Amurka. Mutumin da ya biya wannan farashi don ya tsaya kusa, da wuya in ce masa ya ja da baya ya ɗauko mana hoto mai faɗi. Labarin Zaake da na Nambooze yana nan yana jiran wani mai kyamarar.