Maƙeri Shi Kaɗai: Nazari a kan Wata Waƙa ta Seamus Heaney

A wannan maƙala za mu duba waƙar "The Forge", wato Maƙera, wadda Seamus Heaney, mutumin Arewacin Ayalan, ya fitar cikin littafinsa na 1969. Ɗango 14 gare ta, jigonta kuwa darajar aikin hannu. Mawaƙin ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ba. Da kunne ya fi kai mu ciki, sai ɗan tartsatsi cikin duhu. Muna jin amon uwar maƙera da cuwwar ƙarfe mai zafi a ruwa. Ya kuma kamanta uwar maƙera da teburin ibada na coci. Gwanintarsa a nan ba abin musu ba ce.

Amma fa muna ganin akwai giɓi. A da, a ƙauyukan Ayalan maƙera dandali ce, inda manoma kan taru suna hira kafin a sa wa dawakinsu takalman ƙarfe. Maƙera ne kuma suka ƙera māsun da aka yi tawayen 1798 da su. Waƙar ta cire jama'ar nan, ta bar maƙeri shi kaɗai yana tuna zamanin dawaki, motoci na wucewa. Ba ta ambaci tarakta ba, irin ta Ferguson da ta fito a 1946, alhali kuwa ita ta raba doki da gona, ta kashe kasuwar maƙeri.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne, mawaƙi muke gani cikin rigar maƙeri. Mai neman tarihin sana'ar kada ya dogara da waƙar kaɗai.