Mike Maddux, Mai Jifan Ceto da Ya Zama Koci

A wasan besbol na Amurka, ana kiran mai jifan ceto ne domin ya karɓi wani mai jifa ana cikin wasa, wani lokaci bayan wasa ya rikice. Aikin da Mike Maddux ya fi yi ke nan tsakanin 1986 da 2000, yana yawo ƙungiya-ƙungiya. Wasu za su ce ai ƙanensa Greg, mai nasarori 355, shi ne gwani. Haka ne, amma gwaninta daban, iya koyarwa daban. Mike ya ɗanɗani zafin shiga fili ana cikin matsi, kuma da ya zama koci, yakan dafa kafaɗar mai jifa yana yi masa magana a natse. Da shi Texas Rangers ta ɗauki kofin World Series a 2023.