Korewa a Hausa: Shin Mudun Jespersen Ya Dace da Ita?

Gabatarwa

A shekarar 1917 Otto Jespersen, masanin harshe ɗan ƙasar Denmak, ya bayyana yadda kalmomin korewa suke tsufa. Manufar wannan maƙala ita ce auna ra'ayinsa da Hausa, domin sau da yawa manazarta kan ɗora shi a kan "ba...ba" ba tare da bin diddigi ba.

Ra'ayin Jespersen

A tsohon Ingilishi "ne" kaɗai ke kore jimla, kuma kafin aikatau take zuwa. Da furucinta ya raunana sai aka tallafa mata da "nawiht", ma'ana "ba wani abu". Daga baya "ne" ta faɗi, matallafiyar ta gaje ta, ta zama "not". Irin wannan hanya "nicht" ta Jamusanci ta biyo. Ke nan tsohuwa ce a gaba, baƙuwa a baya.

Matsayin Hausa

Wanda ya dubi "Audu bai zo ba" da "Audu ba ya zuwa" zai iya zaton tafiyar ɗaya ce. Amma kama da wane ba ta wane.

Da farko, "ba" ta ƙarshe ba ta fito daga wani suna da aka sani ba, saɓanin "not". Na biyu, inda aka sami "ba" ɗaya tak a Daidaitacciyar Hausa, ta gaba ce ke tsayawa. Na uku, akwai shaidar dangi. Harsunan Cadi da ke maƙwabtaka da Guddirancin Azare da Katagum a ƙarshen jimla suke korewa: Ngizim da "bai", Bolanci da "sa". Wannan yana ƙarfafa zaton cewa "ba" ta ƙarshe ita ce 'yar gado.

Duk da haka ra'ayin bai faɗi ƙasa banza ba. Idan an yarda da masu cewa "babu" haɗin "ba" da "abu" ce, to gininta ɗaya da "nawiht". Haka nan "ko ƙwaya" da "ko anini" tallafi ne, sai dai har yau ba su gaji "ba" ba.

Kammalawa

Tun 1971 Paul Newman ya mayar da ire-iren "ba" ga tushe guda. Abin da ya rage shi ne a tattaro korarrun jimloli daga bakin dattawan Guddiri, a gwama su da na maƙwabta. Hujjar da ke bakin ƙofa ta fi cancantar a fara saurarenta.