Gwanin Liƙin Dalma Tun a Zaɓen Waya Ake Gane Shi

Narka dalma a kan waya ba wani abin wahala ba ne. Yaron da aka ba ƙarfen liƙi da safe, kafin la'asar zai haɗa wayoyi biyu, fitila ta kama. Kusan duk liƙin da aka yi yau zai yi aiki yau. Sai an ga damina biyu ko uku sannan ake sanin aikin gwani da na ɗan koyo: wannan rediyon yana nan garau, wancan sai an buga masa tafin hannu yake magana. In an buɗe, sau da yawa ba wani abu ne ya ƙone ba. Kore-kore ne ko farin gari ya ci wata 'yar mahaɗa da ba ta kai ƙwayar gero ba.

Wannan ne ya sa masu haɗa na'urori don sha'awa, da masu gyaran rediyo da waya da kayan sola da suka san hannunsu, suke ɓata lokaci a kan abin da wasu ke ɗauka ƙaramin abu: wane ƙarfe ne zai ɗauki wutar, kuma me zai same shi idan iska da laima suka daɗe suna taɓa shi.

Jan ƙarfe shi ne uban tafiya. In ban da azurfa, babu ƙarfen da ya kai shi ɗaukar wuta, kuma dalma na kama shi ba gardama. Aibinsa ɗaya: ba ya son zama tsirara. Iska na sa shi dusashewa ya yi duhu, laima da gishiri ko gumin hannu su mai da shi kore. Wannan dattin ba ya wuce da wuta yadda ya kamata, dalma kuma ba ta kama shi. A wayar da ke da silili da yawa abin ya fi muni, domin laima na bi ta tsakanin sililin ta shige can ƙarƙashin roba. Shi ya sa za ka ga gwani ya feɗe waya, ya ga ta yi baƙi, ya ƙara yankewa gaba, ya sake feɗewa, har sai ya iske inda take ja tana sheƙi. In bai samu ba, ya jefar da ita gaba ɗaya.

Maganin da aka daɗe da sani shi ne a lulluɓe kowane silin jan ƙarfe da kuza. Irin wannan waya fara ce sol idan aka feɗe ta, amma da an kankare sai ja ya bayyana a ciki. Da ita ake wayarin jiragen ruwa, inda iskar gishiri ba ta raga wa komai. Kuza ba ta saurin lalacewa, kuma da yake ita ce mafi yawa a cikin abin da muke kira dalmar liƙi, suna haɗuwa nan take. Duk aikin da zai zauna a waje, kamar fitilar sola, famfon rijiya ko eriya, gwani ba ya jin ƙyashin ƙarin kuɗin wannan wayar. Kuzar ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu: an narka ta a Riruwai tun kafin Turawa su buɗe ma'adinan Jos.

Sai dai farin waya iri biyu ne, kuma a nan ido ke aiki. Kasuwa cike take da wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, kyan ɗan maciji ke nan. A ido jan ƙarfe ce, a hannu kuwa ba ta da nauyi. Alminiyam kusan kashi 61 cikin ɗari na wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa zai ɗauka yake ɗauka, yana karyewa in an yawaita lanƙwasa shi, kuma da zarar iska ta taɓa shi sai ya yi wata fata marar ganuwa wadda dalma ba ta ratsawa. Gwajin gwani ba ya cin minti ɗaya. Ya kankare sili da reza: in ja ne a waje fari a ciki, alminiyam ne. Ya kara masa wutar ashana: jan ƙarfe na gaske zai yi ja ya tsaya, na jabu zai lanƙwashe ya zube. Ya kawo maganaɗisu: in ya kama, baƙin ƙarfe ne aka yi wa riga.

Abin da ya fi burge ni a wannan sana'a shi ne sanin waɗanne ƙarafa ne ba sa zaman lafiya da juna. Duk inda ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu, ruwa ya shiga tsakaninsu, sun zama ƙaramin batir, ɗaya yana cinye ɗaya. Alminiyam ne ke shan kashi idan ya haɗu da jan ƙarfe. Zinariya ba ta tsatsa ko kaɗan, shi ya sa ake shafa ta a bakin katin waya da mahaɗan kwamfuta, amma ko ita ba a haɗa ta da kowa. Masu harhaɗa kwamfuta a shekarun 1990 sun koyi cewa katin ƙwaƙwalwa mai bakin zinariya ba a cusa shi a gurbi mai kuza, domin a hankali mahaɗar kan lalace, na'ura ta dinga tsayawa ba dalili. Ƙarƙashin zinariyar kuma ana shimfiɗa nikel, don kada jan ƙarfe ya ratso ya ɓata fuskar. Idan za a liƙa ƙafar na'ura mai zinariya da kauri, gwani kan fara shafa mata dalma ya tsotse, sannan ya liƙa, saboda zinariya in ta yi yawa a cikin dalma liƙin kan yi gautsi. Azurfa kuwa, duk da ita ce kan gaba wajen ɗaukar wuta, iska mai farar wuta na baƙanta ta.

Masu haɗa batiran litiyam suna da nasu tarkon. Zirin nikel ake haɗa su da shi, amma ana sayar da baƙin ƙarfe mai rigar nikel da sunansa. Maganaɗisu ba ya raba gardama a nan, don dukansu yana kamawa. Sai a karce zirin a jefa a ruwan gishiri: na jabu zai yi tsatsa a wurin karcen, na gaske ba abin da zai same shi.

Ita kanta dalmar zaɓe ce. Wadda aka saba da ita kashi 60 kuza ce, 40 dalma. Mai kashi 63 da 37 tana narkewa a digiri 183 daidai, ta kuma daskare lokaci guda. Tun 2006 Tarayyar Turai ta hana dalma a yawancin kayan lantarki saboda gubarta, sai aka koma ga haɗin kuza da azurfa da jan ƙarfe, mai narkewa wajen digiri 217. Kuza zalla tana da wani hali mai ban mamaki: takan tsiro da siraran gashi da ke iya haɗa ƙafafu biyu. Irin wannan gashi aka ɗora wa laifin lalacewar tauraron ɗan'adam Galaxy IV a watan Mayun 1998, lokacin da miliyoyin na'urorin karɓar saƙo suka yi shiru a Amurka.

Babban mai kashe aiki a ɓoye shi ne man liƙi. Mai asid, wanda masu gyaran lagireto da famfo ke amfani da shi, yana sa dalma ta kama har a kan datti, don haka ɗan koyo ke son sa. Amma ragowarsa na jawo laima, ta ci gaba da cin jan ƙarfe wata da watanni. Gwani na amfani da na ƙaron itacen fain, in ya gama ya wanke wurin da sifirit da buroshi, ya sa robar nan mai tsukewa da zafi ta rufe mahaɗar. Idan batir ya yi yoyo a cikin tocila, yakan goge farin garin da ɗan ruwan lemun tsami ko binega, ya busar sosai kafin ya taɓa ƙarfen liƙi.

Mai son ya kai wannan matsayi ba sai ya sayi kaya masu tsada ba. Reza, ashana, maganaɗisu da kofin ruwan gishiri sun isa su tantance mafi yawan abin da ake sayarwa. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba hujja ba ce, don ana sayar da jabu da kuɗin na gaske. Abin da ya rage shi ne tambayar da gwani ke yi wa mai kawo aiki tun kafin ya jona ƙarfensa a wuta: "Ranka ya daɗe, a ɗaki za ta zauna ko a waje?" Amsar ce ke faɗa masa wace waya zai yanko.