Na Nawa Za a Zuba? Nazarin Sana'ar Tuwo-Tuwo a Ƙasar Bakori

Ma'aikatan da ake turowa kudancin Katsina daga manyan birane suna da wata magana da suke yawan yi, wai daga Funtuwa har Malumfashi babu wurin cin abincin kirki, Bakori kuwa ba a ma sa ta a lissafi. Abin da suke nufi shi ne ba su ga ɗaki mai gilashi da na'urar sanyaya iska da takardar jerin farashi ba. Wannan magana ba ta da tushe. Garin da manyan motoci ke shiga su fita maƙare da masara da dawa da waken suya, garin da ɗan dako da dillali da direba da mai awo ke wuni a kasuwar hatsi babu wanda ya koma gida cin abincin rana, dole akwai masu ciyar da shi. Suna nan, kuma tsarinsu ya fi wanda ake yi mana gori da shi dacewa da mutanen ƙasar.

Tarihin ba ya buƙatar dogon bayani. Tun zamanin fatake ana sayar da fura da tuwo a zango. Da jirgin ƙasa ya iso Funtuwa daga Zariya a ƙarshen shekarun 1920, kamfanin auduga na BCGA kuma ya kafa gidajen gurza a yankin, sai baƙi da 'yan ƙodago suka yawaita, su kuwa ba su da matan da za su girka musu. A tsakiyar shekarun 1970 aka kawo Funtuwa shirin bunƙasa noma da Bankin Duniya ya tallafa, takin zamani da ingantaccen iri suka yaɗu, masara ta mamaye gonakin da dā dawa ce a ciki, tuwon masara ya hau kan tukunyar sayarwa. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa, ta rubuta tun 1969 cewa cinikin da mata ke yi daga cikin gidaje kasuwa ce babba da idon baƙo ba ya gani. Shagon abinci na Mr Bigg's kuwa sai 1986 aka fara shi a Legas. Kowa ya auna wanda ya riga wani.

Iri-irin wuraren kowa ya san su. Akwai mai shayi da teburinsa da bencinsa, wanda tun daga shekarun 1990 Indomie da ƙwai suka mayar da shi mai girki sosai. Akwai mai tsire da balangu da ke hura wuta bayan la'asar. Akwai masu koko da ƙosai da waina da safe, masu ɗan wake da garau-garau da awara da hantsi, da 'yan matan Fulani da ƙoren fura da nono a inuwar bishiya. A bakin titin Funtuwa da tashoshin mota akwai rumfunan da ake kira otal, masu shinkafa da miya da sakwara, da yawansu na 'yan kudu ne da suka daɗe a garin. Sannan akwai na zamani masu kujerun roba da firji, kuma ban ƙi su ba, suna da ranarsu. Amma ginshiƙin duka, wadda nake so a tsaya a duba da kyau, ita ce mai tuwo-tuwo.

Gwanintarta a tukunya sananniya ce: talge ya dahu kafin a zuba gari, tuƙi da muciya har gudaji ya mutu, a rufe ya turara, a kwashe da mara. Duk macen da ta iya gida ta iya wannan. Abin da ya raba mai sayarwa da uwargida yana faruwa ne bayan an sauke tukunya, a lokacin da mai saye ya tsuguna ya miƙa kwano, ita kuma ta ɗago kai ta ce, “Na nawa za a zuba?”

A duba abin da wannan tambaya ke yi. A shagon zamani, mai shago ne ke yanka farashi, ya rubuta ya manna, mai saye ya duba aljihunsa, in bai kai ba ya juya. A gaban mai tuwo-tuwo mai saye ne ke faɗin abin da yake da shi, ita kuma ta auna abinci daidai da shi. Mai ɗari biyu yana da wurin zama, mai dubu yana da wurin zama, benci ɗaya, tukunya ɗaya, miya ɗaya. Babu wanda aka tona wa asiri, domin babu farashin da ya kasa kaiwa. Nama ma an ware shi, yanka-yanka, wanda ya iya ya ce a sa masa biyu, wanda bai iya ba ya ce a bar shi da miya, kuma romon naman nan yana cikin miyar da aka zuba masa.

Awon kansa ilimi ne. Ba ta da sikeli, mara ce da ludayi da ido. Ta san tiya nawa ta kai niƙa, ta san malmala nawa za ta fita, ta san kuɗin itace da na ruwa da na manja da daddawa da kuka, kuma duk wannan lissafi yana kanta, tana yin sa sabo a kan kowane kwano. Ranar da masara ta tashi a kasuwa, kamar yadda ta yi bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ba ta kori mai ɗari biyu ba. Malmala ce ta ɗan ragu. Da kaka ta yi, sabon hatsi ya shigo, malmala ta koma girmanta. Masu suka na kiran wannan ha'inci, wai an rage mudu a ɓoye. Ba a ɓoye yake ba, mai saye yana tsugune yana kallon hannunta, kuma shi ma manomi ne ko ɗan kasuwar hatsi, ya san farashin buhu tun da asuba. Abin da ita da mai saye suka yi shi ne raba wahalar tsakaninsu ba tare da ɗayansu ya fita daga cinikin ba.

Sai gyara. Bayan ta zuba na kuɗin, mai saye kan ce, “Haba Inna, a gyara mana,” ita kuma ta ƙara rabin mara ko ludayin miya. Wannan ƙari ba ya cikin farashi, kuma ba kowa ke samun iri ɗaya ba. Ɗan dakon da ta ga ya sauke buhuna tun safe gyararsa daban, yaron mota da ta san ubangidansa bai sallame shi ba tasa daban, Alhajin da ya zo da abokai shi ma ana yi masa don ya dawo. A nan take sa sanin da ta yi wa mutane cikin awo, abin da takardar farashi ba za ta taɓa yi ba. Daga gyara ake zarcewa zuwa bashi: a rubuta a ka, a biya ranar kasuwa ko in an sayar da amfani. A farkon 2023, lokacin da sauya takardun naira ya ƙafar da tsabar kuɗi a hannun jama'a, irin wannan amana ce ta riƙe mutane da yawa a garuruwan da banki ya yi musu nisa. Ƙanzon gindin tukunya da ragowar kwano kuwa na almajiri ne, ba a ma tambaya.

Suka biyu ake yi mata da suka cancanci amsa. Na farko tsafta. Gaskiya ne akwai rumfar da ruwan wanke kwanonta bai kamata a gani ba. Amma wannan matsalar ruwa ce kafin ta zama ta hali. Macen da ke sayen kowace jarka a hannun mai garuwa dole ta yi tsimi. Kuma tuwon da aka kwashe da zafinsa aka cinye kafin la'asar ya fi kwanciyar rai a kan kazar da ta kwana a firjin da wuta ta ɗauke masa sau uku. Na biyu talla, kuma wannan ya fi ciwo. Yarinyar da ke ɗauke da tiren ɗan wake a lokacin da takwarorinta ke aji an zalunce ta, ba na kare hakan. Sai dai hana tallan da ƙarfi ba tare da an ba uwar wata hanyar kai abincinta kasuwa ba, rufe tukunyar gidan ne gaba ɗaya.

Abin da na daɗe ina ja a kansa shi ne a daina lissafa wannan sana'a a matsayin maneji kafin “na gaske” su iso. A bi naira ɗaya da aka ba mai tuwo-tuwo a Bakori a ga inda take zuwa: mai awon masara, mai injin niƙa, mai itace, mai garuwa, mahauci, matar da ke daddawa, mai kayan miya daga fadama. Dusar ma ta koma wa awakin gidan, ribar ta shiga adashi, ta fito ta zama kayan ɗakin 'ya ko kuɗin taki. Kusan babu abin da ya bar ƙaramar hukumar. Shagon da ke kawo shinkafar waje da kayan gwangwani yana ƙona man janareta ba zai iya faɗin haka ba. Ƙananan hukumomin Bakori da Funtuwa da Malumfashi suna karɓar kuɗin rumfa a kasuwanninsu. A cikin kuɗin nan za a iya haƙa rijiyar burtsatse kusa da layin masu abinci, a yi musu rumfar kwano da daɓen siminti da magudanar ruwa, a samo musu murhun da ke rage cin itace da hayaƙi. A kuma ware wuri a layin inda babbar mace ɗaya za ta riƙa sayar da girkin matan da ba sa fita, bisa kaso, don 'ya'yansu su koma makaranta.