Ban da Mai Sa Kuka: Nazari a kan Zaɓin Ɗan Kallo

Wanda ke son sanin irin fim ɗin da jama'a ke so, ya je shagon masu tura finafinai a waya ya tsaya daga gefe. Yaron shago na gaban kwamfuta, wayoyi jere a kan tebur kowace da igiyarta, masu saye sun yi masa rumfa. Da wuya a ji wani ya kama sunan darakta. Sharaɗi kawai ake gindayawa. Wannan ya ce a sa masa fassarar Indiya, amma mai faɗa, wadda bos ɗin ke da taurin rai. Waccan ta ce, "Don Allah ƙanena, na soyayya za ka sa min, ban da mai sa kuka." Dattijo ya miƙo memori ya ce na iyali ne, a duba masa wanda babu rashin kunya a ciki. Ɗan jami'a kuwa ya yatsina fuska ya ce shi ban da na Hausa, rawa da waƙa sun ishe shi. Kusan kowa ya fi sanin abin da ba ya so a kan abin da yake so.

Wannan ba laifi ba ne, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Mutumin da ya yini cikin rana yana tura baro, in ya dawo ya nemi camamar marigayi Ibro ya yi dariya ya kwanta, babu mai hurumin ce masa ya yi asarar ilimi. Abin tambaya shi ne ko wannan "ban da" ɗin tana rage wa mai ita wani abu. A ganina ya danganta da abin da ake gudu. Akwai mai kawar da idonsa daga abin da addininsa da kunyarsa suka hana shi gani. Akwai kuma mai kawar da kansa daga batun da zai dame shi. Na farko ba ya asarar abin kirki. Na biyu yana yi, kuma sau da yawa yakan fake da hujjar na farko.

Yadda abubuwan biyu suka cakuɗe yana da asali. Tun da aka buɗe silimar Rex a Kano a 1937 ake yi wa gidan kallo kallon matattarar 'yan iska. Da gobara ta tashi a silimar El-Duniya a 1951 ta ci mutum fiye da 300, mutane da yawa suka ce fushin Allah ne. Zargin bai gushe ba har zamanin bidiyo. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, bayan dawo da shari'a, kuma a 2016 hayaniyar malamai da jama'a ta sa gwamnatin tarayya ta janye shirin gina dandalin shirya finafinai a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji. Saboda haka ɗan fim ya tashi kullum cikin kare kai, bakinsa bai rabuwa da "faɗakarwa muke yi". Muhawarar kuma ta tattara kacokan a kan sutura da rawa da taɓa jiki. Shekara da shekaru ana jayayya a kan faɗin mayafin jaruma, ba a cika tambayar me labarin ya taɓo, me kuma ya tsallake ba.

Finafinan Iran su ne hujjar da na fi dogara da ita a nan, domin ƙa'idar da aka ɗora wa masu shirya su ba ta fi tamu sauƙi ba. Mace ba ta fitowa babu lulluɓi ko da a ɗakinta ne, miji da mata ba sa taɓa juna a gaban kyamara. A cikin wannan ƙunci Asghar Farhadi ya shirya fim ɗinsa na 2011, wanda sunansa da Farisanci ke nufin Rabuwar Nader da Simin. Simin na son su bar ƙasar saboda 'yarsu, Nader ya ce ba zai tafi ya bar mahaifinsa da ciwon mantuwa ya kama ba. Ta yi yaji. Ya ɗauko wata mata mai suna Razieh, talaka ce mai riƙo da addini, ga ta da ciki, ga bashi ya yi wa mijinta katutu, don ta riƙa kula da tsohon. Ranar farko tsohon ya yi fitsari a wando. Razieh ta tsaya a bakin ƙofa tana kai-kawo, ba muharraminta ba ne, kuma ba zai iya gyara kansa ba. Sai ta ɗauki waya ta kira layin da ake tambayar malamai fatawa, ta tambaya ko zunubi ne in ta canza masa kaya. Ƙaramar 'yarta na tsaye tana kallo, ta ce mata ba za ta faɗa wa baba ba.

Daga nan al'amari ya dagule. Nader ya dawo wata rana ya tarar an ɗaure hannun tsohon a jikin gado an fita, ya fusata ya tura Razieh waje, cikinta ya zube, aka tafi kotu. Can gaba aka sasanta a kan diyya, dangin mijin Razieh da masu bin sa bashi sun taru, kuɗi na gab da shiga hannu, sai Nader ya ce ta dafa Alƙur'ani ta rantse cewa shi ne sanadin ɓarin. Ta kasa. Tana da shakka a ranta, domin mota ta buge ta kwana ɗaya kafin nan, kuma tana tsoron kada alhakin rantsuwar ya faɗa kan 'yarta. Babu tsiraici ko na daƙiƙa ɗaya a fim ɗin, uba zai iya kallonsa da 'ya'yansa mata bai sunkuyar da kai ba. Amma ya taɓo saki, da tsufan iyaye, da ƙaryar da mutumin kirki ke yi in ya ga kurkuku, da yadda mai hali da talaka ke tsayawa gaban alƙali ɗaya ba da ƙarfi ɗaya ba. Ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Berlin, ya kuma kawo wa Iran Oscar ɗinta na farko a 2012. Dattijon da ya ce ban da rashin kunya bai rasa wannan fim ba. Wadda ta ce ban da mai sa kuka ita ta rasa shi.

Abin mamaki, iyayenmu da suka cika silimun Plaza da Orion da Eldorado ba su da wannan raki. Fim ɗin Indiya da aka fi daɗewa ana maimaitawa a silimun Arewa shi ne Mother India na Mehboob Khan, na 1957. A tuna abin da ke ciki: mai ba da bashi da ruwa ya cinye gonar iyali, dutse ya danne hannayen maigida ya nakasa ya gudu don kunya, ambaliya ta zo, yunwa ta kashe yaro, daga ƙarshe uwa ta ɗauki bindiga ta harbe ɗan cikinta saboda ya sace 'yar mutane. Ana fitowa ana share hawaye, a sake komawa wani makon.  Haka Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976. Labarin bauta ne tsagwaronsa: an sace yaro an tsallaka Sahara da shi, uwarsa ta bi sawu ita ma aka bautar da ita, ba ta gan shi ba sai da ajalinta ya kusa. Fim ɗin ya ɓace shekaru masu yawa kafin a gano shi a ma'ajiyar gwamnati, aka gyara shi a Jamus aka nuna a Berlin a 2018. Tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau an yi dubban finafinan Hausa, amma a yi ƙoƙarin lissafa waɗanda suka sake duban cinikin bayi da idon basira, a ga ko za a cika yatsun hannu ɗaya.

Asarar mai gudun batu mai nauyi ba ta tsaya ga finafinan da suka wuce shi ba. Ma'auninsa ne ke lalacewa. Wanda bai saba ganin komai ba sai jarumin da ba shi da aibi da mugun da ba shi da uzuri, in aka kawo masa labarin da kowa ke da gaskiya kowa kuma ke da laifi, sai ya ce fim ɗin ba shi da ma'ana. In ba a kama azzalumi a ƙarshe ba, ko bai haukace ba, ko bai zo ya durƙusa yana neman gafara ba, sai a ce ina darasin. Daga nan ne ake kasa bambance nuna abu da goyon bayansa: a nuna ɗan ƙwaya a ce ana koya wa yara shaye-shaye, 'yar wasan da ta iya fitowa a muguwar kishiya ta sha zagi a kasuwa. Furodusa kuwa ɗan kasuwa ne, yana jin duk wannan. Hukumar tacewa ce aka saba ɗora wa laifi, amma kafin almakashinta ya iso, tsoron kada fim ya ƙi sayuwa ya riga ya yanke rabin labarin tun a takarda.

Ɗan jami'ar nan da ke ƙyamar rawa da waƙa ma bai tsira ba, ko da yake yana ganin ya fi kowa wayewa. A gidan da 'ya ba ta iya ɗaga ido ta ce wa mahaifinta ba ta son wanda ya zaɓa mata, a fim ɗin da masoya ba su da damar riƙe hannu, waƙa ce ke ɗaukar abin da baki ya kasa faɗa. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a silimun Kano, ya nuna cewa abin da ya haɗa Bahaushe da fim ɗin Indiya shi ne rikicin son zuciya da biyayyar iyaye, ba ado kawai ba. Sangaya, labarin ɗan sarauta da 'yar aikin gidansu, waƙarsa ce ta kai shi inda ya kai. Gaskiya ne an yi finafinai barkatai da aka cusa musu waƙa don a sayar da faifai kawai. Amma wanda ke tsallake kowace waƙa ba zai taɓa iya bambance wadda ke aiki a cikin labari da wadda aka liƙa ba.

Akwai mai gudun da ba na ce masa komai. Matar da ta baro Gwoza ko Baga da ƙafa, ko magidancin da ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa a Zamfara, in suka ce ba sa son fim mai bindiga, sun fi kowane manazarci sanin dalili. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Irin waɗannan finafinan ba don su aka yi ba, don mu ne da muka ji labarin a rediyo muka ce Allah ya kyauta muka ci gaba da cin tuwo. Timbuktu na Abderrahmane Sissako, na 2014, misali ne. Ya nuna garin a hannun masu iƙirarin jihadi, kuma bai mayar da su dodanni ba: suna musun ƙwallo tsakaninsu alhali sun haramta ta, wani babba a cikinsu yana laɓewa bayan tudun yashi ya sha taba. Limamin gari, cikin taushin murya, ya tare su da suka shigo masallaci da takalma da bindigogi. Samari kuma suka fito fili suna buga wasa babu ƙwallo, suna ba juna, suna kai hari, mai tsaron gida na faɗuwa, ƙura na tashi, da babur ɗin 'yan sintiri ya ɓullo sai kowa ya koma motsa jiki. Wanda ya ce shi ba ya kallon fim ɗin ta'addanci ya rasa wannan, ya kuma rasa ganin Musulmi na ƙwarai yana kare addininsa daga masu bindiga da hujjar addinin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne waɗanda suka shirya finafinan da suka taɓo namu miki. Dry, labarin Halima 'yar shekara 13 da aka aurar ta gamu da yoyon fitsari aka guje ta, Stephanie Linus ce ta shirya shi. The Milkmaid na 2020, wanda aka ɗauka a Taraba galibinsa da Hausa, Desmond Ovbiagele ne ya ba da umarni, kuma ya ce hoton 'yan matan Fulani masu tallan nono na bayan takardar naira 10 ne ya sa shi tunanin me zai faru da su in 'yan tada ƙayar baya suka faɗa wa rugarsu. Hukumar tace finafinai ta ƙasa ta yanke kusan minti 24 daga ciki kafin ta bari a nuna shi, duk da haka ya ci kyautar fim mafi kyau a gasar AMAA, Maryam Booth da ta fito a ciki ta samu tata kyautar, aka kuma tura shi Oscar da sunan Nijeriya. Duka biyun 'yan Kudu ne suka nemo kuɗin suka ɗauki kasadar. Ciwon kuwa namu ne. Ana iya samun kurakurai a yadda baƙo ya hango mu, kuma akwai su, sai dai mai gida bai yi nasa ba balle a gwada.

Ba kuma za a ce jama'a ba za su iya ɗauka ba. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, kuma shirinta Daɗin Kowa ya shigo da almajiri da ɗan ƙwaya da 'yan gudun hijira da yaron da masu tsattsauran ra'ayi suka ja, ya ajiye su a tsakar gidajen mutane mako bayan mako. Kwana Casa'in ya yi haka da maguɗin zaɓe da satar dukiyar jama'a. Matan aure da tsofaffi da yara suka zauna suka kalla, suka riƙa musu a kan waye mai gaskiya. Bambancin shi ne shirin talabijin ba ya jiran mai saye ya zaɓe shi da kuɗin aljihunsa, yakan tarar da mutum a zaune ne, ya saba da mutanen cikin labarin tukuna kafin masifa ta same su.