Gwanin da Ba Ya Gaggawar Goge Memori

Daga Kwanar Ɗangora zuwa Tiga, daga Tudun Wada har Riruwai, da wuya ka rasa shagon tura fina-finai da karatun malamai a memori. Cikin masu wannan sana'a akwai gwanayen da suka cancanci jinjina. Idan memori ko filashi ya ƙi buɗewa, kwamfuta ta ce sai an yi masa fomat, ba sa biye mata. Sun san galibi kayan ciki suna nan daram, lissafin inda aka ajiye su ne ya rikice.

Kowane memori yana da jadawalinsa, kamar littafin mai sito da ke nuna buhun wane yana lungu kaza. Memorin waya mai gigabait 32 zuwa ƙasa yawanci da tsarin FAT32 yake zuwa, wanda Microsoft ya fitar a 1996. Shi ba ya rubuta abin da zai yi kafin ya yi, saɓanin NTFS na 1993 da ke iya komawa ya daidaita kansa. To, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar turi, ko aka fizge filashi ba a sallame shi ba, sai jadawalin ya tsaya rabi sabo, rabi tsoho.

Gwani da tambaya yake farawa: “Alhaji, faɗuwa ya yi, ko ana aiki wuta ta tafi?” In faifan ajiya ne na kwamfuta, wato hadis, sai ya kasa kunne. Da ya ji ƙas-ƙas sai ya kashe ta, domin wannan ciwon na ƙarfe ne, matsa masa kuwa ƙarasa shi ne. In babu ƙara, sai ya duba rahoton lafiyarsa da manhaja irin CrystalDiskInfo, ya kwafe duk abin da zai kwafu zuwa wani wurin. Sai bayan nan ya taɓa gyara.

Sannan ya rubuta umarnin chkdsk. Da /f, kwamfuta za ta bi jadawalin tana gwada shi da abin da ke ƙasa, tana ɗinke ɓaraka. Da /r, za ta bi faifan gaba ɗaya, ta ware gurabun da suka mutu kada a ƙara ajiya a cikinsu. Guntayen da suka rasa suna takan tara su a wata folda mai suna FOUND.000, shi kuma ya zauna ya tantance wanne hoto ne, wanne takarda. Idan jadawalin ya rushe sarai, akwai PhotoRec na Bafaranshe Christophe Grenier, manhaja ta kyauta da ke gane fayil daga alamar farkonsa. Abin da ya tsamo, ba ya mayar da shi kan memorin da ke jinya.

Haƙurin nan ne ke burge ni. Fomat minti ɗaya ne, ceto kuwa yakan cinye yini, amma abin da ake ceto lissafin ɗan kasuwar shinkafa ne, ko takardun ɗalibi, ko hoton mahaifin da ya rasu. Ga kuma amana: yana ganin sirrin mutane, bakinsa gum. Duk wanda memorinsa ya rikice, ya daina zuba masa komai, ya nemi irin wannan gwanin, ya kuma biya shi ladan da ya dace da aikinsa.